Gidan Tako na Baba Eishun

Da faɗa suka fara, a tashar jiragen ruwa ta Ibaruma, da sanyin safiya.

Mutsumi ta sauko da akwatin ƙanƙara a kafaɗa, ta tarar da wani ɗan farin kwale-kwale ɗaure a turken da babanta ya shekara arba'in yana ɗaure nasa. A ciki wani dogon saurayi ne durƙushe gaban wata tsohuwa, yana daidaita mata gilashin shiga ruwa, yana nuna mata yadda za ta ciji bututun numfashi.

"Kai, mai farin jirgi! Turken gidanku ne?"

Ya ɗago a firgice. "Yi haƙuri, ban san yana da mai shi ba."

"Komai na tsibirin nan yana da mai shi. Kwance!"

Ya kwance yana murmushi, wannan murmushin kuwa ya fi komai ba ta haushi. Daga jin harshensa ta san ba ɗan tsibiri ba ne. Sunansa Kohei, daga birnin Nagoya ya zo, can nesa da tsibirin. Sana'arsa kai baƙi kallon ƙarƙashin teku, amma ba ya ɗaukar fiye da mutum biyu, kuma duk wanda bai iya iyo ba, hannunsa yake riƙewa har a fito.

Da rana tana cikin jirgin babanta ta sake hango shi. Ta zuba ido ta ga inda zai jefa anka, ƙarfen tsayar da jirgi, ya farfasa murjanin da ke tsirowa a ƙarƙashin teku kamar yadda sauran suke yi. Bai jefa ba. Nutsewa ya yi da igiya a hannu, ya ɗaure ta a jikin dutse, ya taso yana haki. Nan fa zuciyarta ta fara cin amanarta.

Kafin wata biyu, wayarta ba ta hutawa.

"Masifaffiyata, yau kunkurun ruwa uku muka gani. Ɗaya ta harare ni, sai na tuna da ke."

"Baƙo, ka yi aikinka, kada ka nutsar da kakar mutane."

"Ai ni na riga na nutse. Tun ranar turke."

"Ji shi! To riƙe bututunka da kyau, ba mai zuwa ceto."

Ta ajiye wayar tana dariya ita kaɗai, har Inna ta leƙo tana tambaya ko lafiya.

Ranar da ya zo gaisuwa, mahaifinta, Baba Eishun, yana zaune a barandar gida yana wasa bakin mashinsa na kamun tako, wannan naman ruwa mai hannu takwas. Kohei ya durƙusa ya ajiye kwalbar giyar shinkafa. Tsoho ko kallon kwalbar bai yi ba.

"Shekararka nawa a nan?"

"Biyu, Baba."

"Saura ɗaya ke nan. Irinku shekara uku kuke yi, rana ta ƙona ku, guguwa ta tsorata ku, ku tattara ku koma. Mece ce sana'arka?"

"Ina kai mutane su ga teku."

"Su ga teku." Baba ya gwada kaifin mashin da babban yatsa. "Mu ci muke yi daga cikinsa, kai kuma nuna shi kake yi. 'Yata ba za ta auri mai talla da teku ba. Ɗauki kwalbarka."

Ba wai Baba yana da wani gwani ba ne. Akwai dai Morito, ɗan ƙauyen, mai ƙaton jirgin da ke kwasar baƙi arba'in a tashi ɗaya. Sau biyu ya nemi Mutsumi, sau biyu ta ce masa a'a, ya kuwa ƙullace ta. Baba ba ya ƙaunar jirginsa, amma yakan ce ko ba komai an san kabarin kakansa.

To, ga abin da Kohei bai sani ba. Kowane mai kamun tako yana da ramukansa a cikin duwatsun murjani, waɗanda ake kira gidaje. Ka kama wanda ke ciki yau, kafin mako wani ya tare. Ba a rubuta su, ba a faɗa wa aboki, uba ke raɗa wa ɗansa. Baba Eishun yana da tara, daga kakansa suka gangaro. Inna ta shekara talatin a gidansa, ba ta san ko ɗaya ba. Da yake bai haifi namiji ba, ranar da Mutsumi ta cika ashirin ya ɗauke ta a jirgi ya nuna mata guda, mafi kyawunsu.

"Ki riƙe wannan," ya ce. "In kin iya riƙe shi, sauran takwas naki ne."

Shekara huɗu tana riƙe da shi, ko a mafarki ba ta furta ba.

Sai bazarar bana ta zo da zafin da tsofaffi ba su taɓa gani ba. Ruwa ya yi ɗumi kamar na wanka, murjanin bakin gaɓa ya yi fari fat ya mutu. Wata la'asar Kohei ya zauna a gefen tasha, kafaɗunsa sun zube.

"Yau wata baƙuwa ta ɗago kai ta tambaye ni ko maƙabarta na kawo ta," ya ce. "Me zan nuna wa mutane? Babanki ya ƙi ni, teku ma yana mutuwa. Wataƙila gaskiyarsa ce, Mutsumi. Ki biyo ni Nagoya."

"In bar Baba da Inna wa?"

"To ni in zauna in jira me?"

Tsoro ne ya kama ta, tsoron wayewar gari ta ga babu farin jirgi. Tsoro kuwa mugun mai ba da shawara ne.

Washegari ta ce ya tayar da injin. Ta tsaya a goshin jirgi tana duban tudu, har ƙololuwarsa ta hau daidai kan wata bishiya guda, hasumiyar fitilar jirage kuma ta ɓuya bayan dutse, alamun da Baba ya koya mata.

"Tsaya nan. Sa gilashinka."

Akwai idon ruwa mai sanyi da ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa a wurin, shi ya sa zafi bai taɓa shi ba. Murjani shuɗi da ruwan hoda, reshe kan reshe, ƙananan kifaye sun yi gayya, ga tako a bakin gidansa yana sauya launi. Kohei ya daɗe bai ɗago ba. Da ya ɗago, idonsa ya yi ja, ba kuma gishiri ba ne.

"Ba don ka kawo baƙi na nuna maka ba," ta ce. "Don ka san akwai abin da ya rage. Wannan ne duk abin da na mallaka, Baƙo. Na ba ka."

"Na rantse da ran mahaifiyata, ba mai ji daga bakina. Kuma ba inda za ni."

Ya riƙe hannunta a kan ruwan. Ranar ta yi farin ciki, ba ƙarya. Kwana goma sha biyu farin cikin ya yi.

A rana ta goma sha uku Baba ya dawo tun hantsi, kwandonsa fayau. Ya jingine mashi, ya zauna bai cire rigar ruwa ba.

"Mutum arba'in," ya ce wa Inna. "Da jajayen riguna, suna tsaye a kan murjani suna ɗaukar hoto. Morito ya jefa anka a tsakiyar gidan. A tsakiyarsa."

Ya juyo ya dubi Mutsumi. Bai tambaye ta komai ba. Da ma dukanta ya yi, da ya fi mata sauƙi.

Ta shige ɗaki, ta rubuta wa Kohei:

"Ka rantse da ran mahaifiyarka. Me Morito ya ba ka? Ashe Baba ya fi ni saninka. Kada ka sake kirana."

Ya kira sau goma sha ɗaya. Sannan saƙo ya shigo:

"Ban faɗa ba, Mutsumi. Ban kai kowa ba. Ki tsane ni in kina so, amma kada ki tsane ni a kan ƙarya."

Ta share. Mako uku ba ta amsa masa, a gida kuma Baba ba ya ce mata komai sai "miƙo gishiri". Kowace safiya ƙaton jirgin yana fita da kiɗa, har wasu jirage biyu suka bi sahunsa. Mata a tasha suna cewa mai farin jirgi ya zauce, kullum yana can yana nutsewa yana ɗaure wa jiragen mutane igiya kyauta, yana roƙonsu kada su jefa anka. Ta ce a ranta, laifinsa ne ke cin sa.

Morito da bakinsa ya warware mata. Ya tare ta tana wanke akwatuna, yana taunar cingam.

"'Yar Baba, ban yi miki godiya ba fa."

"Ka gode wa abokin cinikinka."

Ya ƙyalƙyale da dariya. "Wannan sakaran? Na yi masa tayin kuɗi har sau biyu, ya kusa marina. Ke dai na gode wa. Ina kan tudu da madubin hangen nesa ranar da kika tsaya a goshin jirgi kina nuna bishiya da yatsa. Babanki sai ya zaga sau uku kafin ya tsaya, shekara nawa ina binsa a banza. Ke kuwa soyayya ta hana ki waiwaye."

Tir da hali irin na Morito! Amma abin haushin, gaskiya ya faɗa. Baba ya koya mata zagayen nan, ta manta shi sarai.

Ta yar da akwatin ta ruga tasha, babu Kohei. Ta nufi gida, sai ga takalmansa a ƙofa. Yana durƙushe gaban Baba, goshinsa har ƙasa.

"Ni ne, Baba. Ni na bi jirginku a ɓoye na gane wurin, Morito kuma ya bi ni. Mutsumi ba ta san komai ba. Ku yi mata magana, ni zan bar tsibirin."

Baba ya daɗe yana kallon ƙeyarsa.

"Kai yaro, ƙarya ma ba ka iya ba. Shekara arba'in ba wanda ya taɓa bin jirgina ya dace, sai kai ɗan Nagoya?"

Mutsumi ta faɗo ciki ta zube kusa da shi. "Ni ce, Baba. Ni na kai shi, kuma ban zaga ba."

"Na sani tun ranar."

"Ka yafe mini."

"Yafiya ba ta ɗaga anka." Ya juya ga Kohei. "Ka ɗauki laifin da ba naka ba, ka kuma riƙe abin da 'yar cikina ta kasa riƙewa. Irinka ba ya gudu a shekara ta uku, na yi kuskure a kanka. Ka aure ta. Kayan aurenta kuwa ta riga ta kai maka, babu saura."

Ta fahimce shi sarai. Takwas ɗin nan ba za ta taɓa sanin inda suke ba.

A waje ta kasa haɗa ido da Kohei. "Na kira ka maci amana."

"Kin yi mini abin da ya fi haka ranar turke," ya ce, yana share mata hawaye da bayan hannu. "Ni dai kada ki sake yin shiru. Faɗanki nake iya ɗauka."

An yi bikin da kaka, bayan guguwa ta wuce. Aka kunna turare gaban allunan da ke ɗauke da sunayen magabata, aka sanar da su baƙo ya zama ɗa. Garaya mai tsirkiya uku ta ɗauka, tsofaffi suka miƙe suna rawa hannuwa sama. Baba ya tashi da ƙoƙon giya, muryarsa ba ta yi rawa ba.

"Magabata su tsare ku. Teku ya mayar da kai gida kowace yamma, Kohei. Ke kuma, 'yata, ki ga jikokinki. Na sa muku albarka, da zuciya ɗaya."

Da gaske yake, ta ji hakan a muryarsa, har ta fara jin sanyi a ranta. Sai aka shigo da farantan tako.

A ƙauyen nan ba a taɓa ɗaura aure ba tare da takon Baba Eishun ba, kowa ya san ɗanɗanonsa. Mutsumi ta kai yanka ɗaya baki. Lami, ga tauri kamar roba. Ta ga tsofaffin mata sun daina tauna suna satar kallon juna.

"Inna, wannan fa?"

Inna ta sunkuyo. "Na kanti ne, daskararre. Jiya ya hau bas ya je gari ya sayo."

"Sauran gidajen fa? Ai suna nan."

"Suna nan. Tun ranar bai sake zuwa ko ɗaya ba. Ya ce yanzu akwai idanu a kan tudu, gara ya bar su a ɓoye da ya kai musu anka." Ta gyara mata furen da ke gashinta. "Ci, ana kallonki."

Kohei ya matse hannunta a ƙarƙashin tebur. "Amaryata, lafiya?"

Ta ɗaga kai. Baba yana can ɗaya gefen, ya zuba mata ido, da hannuwansa biyu a kan gwiwa. Ta tauna, ta tauna, ta haɗiye da ƙyar.

"Ya yi daɗi, Baba," ta ce.

Ya gyaɗa kai, ya tura mata farantin gabanta.