Mai Juya wa Garuba Eriya

Sati uku Malam Garuba na Limawa yana fama da eriyar da ya haɗa da gora da sandunan alminiyam, don ya kamo amininsa Kawu na garin Kuta a 'yar rediyonsu ta hira. Tun da aka ce Kawu ya kwanta ciwo bai sake jin muryarsa ba. Aikin na mutum biyu ne, ɗaya a rufi yana juyawa, ɗaya a ɗaki yana saurare, ga shi tumbin Garuba ya raba shi da tsani.

Bayan isha'i wani dogon mutum ya shigo, ba sallama. "Maigida, kawo in juya maka."

Garuba ya nuna masa tsani, ya shige ɗaki yana ba da oda kamar injiniyan gaske. "Hagu kaɗan! Ƙara!" Sai dai kwanon rufin nan da ko mage ta taka sai ya yi ƙara, shiru yake.

Can sai ga muryar Kawu tangaran: "Garuba, sai yanzu? Ni kaɗai ne fa a nan."

Garuba ya fito zai yi wa mutumin godiya, ba kowa a sama. Eriyar kuwa ta ba Kuta baya, ta miƙe sak tana kallon maƙabarta.