Mai Babur a Kwazazzabon Biri

"Tsaya! Tsaya ko in fasa maka kai!"

Direban ya taka birki da duk ƙarfinsa. Motar ta ja tayoyi cikin taɓo, ta tsaya daf da kututturen da aka gitta a hanya. Kwanuka suka zubo daga saman kaya, awaki suka ɓarke da kuka, mata suka kama salati. Hantsi ne, ido na ganin ido.

Mutum uku suka fito daga cikin gamba, fuskoki a naɗe da rawani. Na gaba, dogo mai bindigar soja, shi ne Tamada, wanda ya gudo daga fagen yaƙi da makamin gwamnati. Dudu na bayansa da adda. Na ukun, Cindo, yana riƙe da bindigar toka kamar mai riƙon garwashi.

Na huɗunsu bai matso ba. Sahabi yana zaune kan babur a gindin wata ɗorawa, injin na kaɗawa a ƙarƙashinsa.

Shekarar da aka toshe kogin Kwara a Kainji ke nan, shekara takwas da samun 'yancin kai. Ruwa na hawa kullum, ana ta kwashe mutanen gungu, wato tsibiran cikin ruwa, da na bakin kogi zuwa sababbin gidaje a tudu. Wannan motar ma 'yan ƙaura ta ɗauko, da duk abin da suka mallaka a duniya.

Shekara uku Sahabi ya yi yana kai wa masu awon ƙasa saƙo a kan babur, daga Yelwa har ƙasar Ngaski. Babu dutsen da bai hau ba, babu kwarin da bai ratsa ba. Da aikin ya ƙare aka bar masa tsohon babur ɗin, shi kuwa bai daina yawon ba. Ranar da ba shi da gyara a rumfarsa sai ya cika tanki ya bi hanyoyin daji, don kawai ya tsaya a kan tsauni ya ga kogi shimfiɗe a ƙasa. Mutane na cewa yana da taɓin iska. Bai damu ba.

Cindo, yayan matarsa Laraba, shi ya zo masa da maganar wasu fatake da ke neman mai nuna musu gajeriyar hanya zuwa bakin ruwa. Kwana goma da suka wuce ya kai su, ya nuna musu Kwazazzabon Biri tun daga bakinsa har inda ya faɗa kogi. A can Tamada ya warware tabarma, bindiga ta fito.

"Ka ga hanya, mun ga hanya," in ji shi a ranar. "Na kuma ga matarka mai ciki tana wanki bakin rijiya. Kai ke tuƙa ni. Ka buɗe baki, ita za ta fara ji."

Sahabi ya dubi Cindo. Cindo ya dubi ƙasa.

Yanzu ga shi yana kallo ana sauko da mutane ɗaya bayan ɗaya.

"Ku kwanta! Fuska a ƙasa! Ke, ciro na kunnenki!"

Dudu na bi da buhu. Awarwaro, zobba, 'yan kunne, rediyon wani dattijo, ƙunshin diyyar da aka ba su na gidajensu, duk ciki. Wani magidanci ya ƙanƙame lalitarsa, Tamada ya sa gindin bindiga ya kwantar da shi.

Wata tsohuwa ce ta ƙi kwanciya, ƙafarta ba ta lanƙwasuwa. Tana jingine da motar tana waige-waige, sai idonta ya faɗa kan babur ɗin, mai tankin da aka yi wa faci da jan fenti. Fuskarta ta washe kamar wadda ta ga ɗan'uwa a baƙon gari.

"A'a! Ba Sahabi mai babur ba? Ɗana, taho ka cece mu! Ka gani abin da anka yi muna!"

Inna Asibi ce. Duk zuwan da ya yi gungunsu da masu awo, ita ke soya masa kifi, ba ta taɓa karɓar ko anini ba.

Tamada ya juyo a hankali.

"Ta san ka?"

"Maigida, tsohuwa ce, ba ta gani sosai, don Allah..."

Tau!

Ta zame jikin motar ta zauna, hannunta a kan ƙirji, har yanzu tana dubansa. 'Yarta Talatu ta kurma ihu ta faɗa kanta.

"Mu tafi! Mu tafi!"

Tamada ya ɗare bayan Sahabi, bakin bindiga mai zafi ya taɓa masa haƙarƙari. Dudu ya tayar da babur na biyu, wanda suka sato a Kontagora, Cindo ya haye da buhu a cinya. Sahabi bai san lokacin da ya saki kuloci ba. Hannuwansa ne suka yi aikinsu, shi yana can jikin motar.

Suka bar babbar hanya, suka kutsa turbar masu awo. Taɓo na feshi, rassa na marin fuska. Suka ratsa wani ƙauye da aka riga aka kwashe, ɗakuna ba jinka, kare guda na yawo a dandali. Daga nan hanya ta miƙe sama, ta bi ƙugun dutse tana murɗawa kamar igiya.

Ba su yi nisa ba motar 'yan sanda ta iso inda aka yi fashin, tana rakiyar mota ta biyu ta 'yan ƙaura. Saje Basiru ya diro, ya ga tsohuwa cikin jini, ya sa direba ya kawar da kututture ya yi Yelwa da ita. Sannan ya tsuguna kan sawun tayoyi.

"Ina turbar nan ta ɓulla?"

"Kwazazzabon Biri, ranka shi daɗe," in ji dattijon da aka ƙwace wa rediyo. "Ba ta da wata mafita sai kogi. Kuma shekaranjiya da munka wuce cikin jirgi, ruwa ya shige shi."

Saje ya miƙe. "Ku hau!"

A ƙolin dutsen iska ta buge su. Nan Sahabi ya saba tsayawa ya kashe inji. Duwatsu jere har iyakar gani, kore shar bayan damina, shaho na shawagi ƙasa da ƙafar mutum. Yau da ya saci kallo sai ya ga komai ya canza. Kogin da ya sani siriri ya zama wani faffaɗan abu mai ƙyalli. Gungu biyu da ya saba gani babu su.

"Maigida, ruwan ya..."

"Rufe mini baki! Tuƙa!"

Gangaren ya fi hawan wuya. Fa ne zalla, ruwan jiya ya bar masa santsi. Sahabi ya sa giya ta ɗaya, ya sauke ƙafafu, yana lallaɓa birki. Ya ɗaga murya ya ce wa Dudu kada ya taɓa birkin gaba. Ko bai ji ba, ko bai iya ba.

Ƙiiii — garam!

Babur na biyu ya kwanta, ya ja su a kan fa, ya daki dutse. Dudu ya mirgina ya tashi da gurjewar gwiwa. Cindo bai tashi ba. Ƙafarsa na ƙarƙashin injin, ta juya inda ƙafa ba ta juyawa.

"Wayyo Allah! Sahabi! Ƙafata!"

Sahabi ya jingine nasa ya ruga, ya ɗaga babur ɗin. Ƙashi ya huda wando. Mai na tsiyaya daga fasasshen tanki.

"Ɗauko buhun," Tamada ya ce wa Dudu. Ya sunkuya ya zare bindigar toka daga kafaɗar Cindo, ya cilla ta cikin rami.

"Maigida, mu ɗora shi, ni in taka da ƙafa."

"Wa zai tuƙa? Wannan jakin da ya kashe mana babur?"

"Kada ku bar ni nan," Cindo na kuka kamar yaro. "Ni na kawo muku shi. Tamada, mi na yi maka?"

"Ka karye," in ji Tamada. "Hau, direba."

Sahabi ya tsaya da hannu a sake. Bakin bindiga ya tashi ya daidaita da cibiyarsa. Sahabi ya cire rawaninsa ya ɗaure cinyar Cindo, ya juya ya hau. Su uku a kan babur guda, da buhu.

Kwazazzabon ya haɗiye su. Bango dama, bango hagu, kowanne ya fi rimi tsawo, sama ta koma kamar zare. Ƙarar injin na bugun duwatsu tana dawo musu. Birai na tsalle a kan gaɓa suna zaginsu. Sahabi ya san kowace kwana: ta farko, ta biyu, dutsen da ya yi kama da turmi, sannan a yi tafiyar mil guda kan yashi a iske kwalekwalen da suka ɗaure tun wancan zuwan a gindin wata ƙirya.

Suna karya kwanar turmi ya danne birki.

Babu yashi. Ruwa ne, ja-ja, kwance daga bango zuwa bango, yana ɗauke da jinkar ɗaki da mushen tunkiya. Ba ya gudu, ba a jin ƙararsa. Sai dai in ka kafa ido a kan tsakuwa, ka ga ya lashe ta.

"Ina hanyar?" Tamada ya shaƙo wuyan rigarsa. "Ka sayar da mu, ɗan iska!"

"Wallahi ban sani ba! Da idonka ka gani, a bushe take!"

"Ga shi can!" Dudu ya nuna.

Kwalekwalen ya tsinke daga inda aka ɗaure shi, iska ta koro shi ciki, ya maƙale a rassan wata bishiya da ruwa ya ci har wuya. Taku hamsin, ko fi.

Tamada ya juya ga Dudu. "Ka iya ruwa?"

"A bakin kogi anka haife ni," in ji Dudu.

Ya tuɓe riga ya faɗa. Suna kallo ya kai, ya haye, ya tuƙo da guntun reshe. Da ya matso ya tsaya inda ruwa ke kai wa mutum ƙirji.

"Duwatsu na ƙasa, za su fasa shi. Jeho buhun tukuna, sannan ka tako."

Can sama, daga bakin kwazazzabon, aka ji usur.

Tamada ya cilla buhun. Ya faɗa tsakiyar jirgin. Ya tsoma ƙafa, ruwa ya kai gwiwa, ya kai ƙugu, ya ɗaga bindiga sama. Sai Dudu ya kafa reshen a jikin dutse ya tura da ƙarfi.

"Dudu! Dudu, dawo! Shege!"

"Jirgin ba ya ɗaukar biyu, Maigida!"

Tau! Tau!

Dudu ya kifa a kan buhun. Jirgin ya yi tangal-tangal bai kife ba. Ya juya a hankali, ya kama hanyar tafki da gawa da kayan mutane, har ya sha kwana.

Tamada ya fito jiƙe sharkaf, idanunsa jawur. "Wata hanya. Ka san wata hanya."

"Babu, Maigida. Wadda muka shigo ita ce kaɗai."

"Ku ajiye makami!" Muryar Saje Basiru ta cika kwarin. "Kun ƙare!"

Tamada ya harba sama, aka mayar masa da uku. Ya dubi bangon hagu, inda wata 'yar gaɓa mai faɗin tafin hannu ta bi saman ruwa. Ya rataya bindiga ya kama ta, yana jan jiki, fuska manne da dutse. Ya yi taku goma sha wani abu. Takalmin sojan ya zame.

Sau biyu kansa ya ɓullo. Na biyun ya kira sunan Sahabi. Sahabi bai iya ruwa ba, kuma ko motsi bai yi ba.

Ya bar babur ɗin a nan, ruwa na taɓa tayar gaba, ya ɗaga hannuwa ya kama hawa. Ya iske 'yan sanda biyu tsaye a kan Cindo, wanda leɓunansa suka yi fari fat. Ya roƙi Saje ya bar shi ya goya shi kafin a sa masa ankwa. A bayansa Cindo ya cika, tun ba su kai ƙolin dutsen ba.

Inna Asibi ta kwana biyu a asibiti ta rasu. Masunta sun tsinci kwalekwalen a kife bayan mako guda, ba buhu, ba Dudu. Gidaje goma sha ɗaya suka shiga sabon gari hannu rabbana. A kotu Sahabi ya faɗi duk yadda aka yi, amma mutum ukun da za su shaide shi duk sun mutu, Talatu kuwa ta nuna shi da yatsa ba ta ko ƙifta ido ba. Aka yanke masa shekara goma sha huɗu.

Sau ɗaya Laraba ta zo gidan yari, bayan ta yi arba'in, goye da jaririya. Ba ta kwance ta ba. Ta tsaya bayan shingen waya, ta rame har ya so ya kasa gane ta.

"Innarmu ba ta ko son jin sunanka," ta ce. "Ta ce kai ka kai mata ɗa ga mutuwa."

"Shi ya kawo su wurina, Laraba. Cewa suka yi za su taɓa ki."

Ta matso jikin wayar.

"Kwana goma kana cin tuwona da wannan magana a cikinka. Da ka gaya mini, da na tahi gidan kawuna a Shanga, kai ka tahi wurin 'yan sanda. Mi ya hana ka?"

Ya kama wayar da hannu biyu.

Gandiroba ya buga ƙarfe. Ta gyara goyonta ta juya, shi kuwa yana ta miƙa wuya ko zai hango fuskar 'yarsa, amma zane ya rufe ta har kai.