Katin da Aka Sa Mini Ranar Juma'a

Ku gyara zama. Lantana, ajiye wayar nan. Shekara talatin da biyar na yi ina koyarwa, ban taɓa fara magana wani yana danne-danne ba, kuma ba a kan 'ya'yan kawuna zan fara ba. Ku rage murya. Abin da zan faɗa a ɗakin nan ya faru, a kan teburin can da na rufe da zane.

Kun san tun rasuwar Delu ni kaɗai ne a gidan nan. Shekara uku ke nan. 'Yarmu Saratu tana Fatakwal da mijinta. Wata Alhamis ta haihu, mace, suka ce sunan Delu za a sa mata. Gwiwata ba ta ɗaukar doguwar mota. Idona kuma ba ya rarrabe fuska a ƙaramin gilashin waya. Abu ɗaya na sa a rai: ranar suna in ga jaririyar a babban allon kwamfutata, in yi mata addu'a ina kallonta.

Saratu ta riga ta aiko mini da ɗan akwatin da ke raba intanet ta iska. Amma kwamfutata ta tebur ce, tsohuwa, wadda aka ba ni ranar da na bar aiki. Kurma ce, ba ta jin akwatin. Sagiru mai gyara na bakin tasha ya ce sai an sa mata kati a ciki. Ya ba ni katin a kwali: ɗan koren allo, eriya biyu kamar ƙahon akuya, da faifai guda. Ya ce zai zo Juma'a ƙarfe goma ya sa. Ku riƙe wannan. Ƙarfe goma, da bakinsa.

Goma ta yi. Sha ɗaya ta yi. Sha biyu aka ɗauke wuta. Ƙarfe ɗaya maza suka tafi masallaci, mata suka shige ɗaka, ni gwiwa ta zaunar da ni. Layin nan ya yi tsit. Ko kukan kaza babu.

Sai na ji an tsaya a bakin ƙofa.

Dogo ne, riga mai ruwan toka. Ba jaka, ba kayan aiki.

"Na zo sa kati," in ji shi.

"Sagiru ne ya aiko ka?"

"An ce ana jira."

"A gidanku ba a koya maka sallama ba?"

 Ya tuɓe takalmi ya shigo. Yana gabana, amma muryarsa kamar daga bayan wuyana take fitowa. Na ce kunnena ne. Na miƙa masa ruwa, bai ko dubi kofin ba.

Ni na karanta takardar da ke cikin kwalin sau biyu, har na ja layi da jan biro. Ta ce a zare wayar wuta daga bango. A taɓa ƙarfe da hannu kafin a taɓa kati. A kwance murfin gefe, a cire ɗan ƙarfen da ya toshe baya, a danna katin a raminsa har ya zauna, a ɗaure, a murɗa eriya, sannan a sa faifai. Takwas ne, na ƙirga. Mutumin nan bai zare waya ba. Da farcensa ya kwance notocin. Ya buɗe murfin, ƙurar shekara goma tana kwance a ciki, ko ɗaya ba ta tashi ba. Ya danna katin. Ya shiga da wani sauti kamar ajiyar zuciya.

"Faifan fa?" na ce.

"Ya riga ya san hanya."

Allo ya kawo haske. Na ɗaga kai. Fankar sama tana tsaye cak.

A nan ne na yi kuskuren da babu mai yin sa sai irina. Ni ba a yi mini aiki a wuce haka kawai. Ko kafinta ya kafa mini ƙusa sai ya yi mini alkawari a kanta.

"Tsaya," na ce. "Idan ya daina aiki fa?"

"Me kake so?"

"Ka dawo ka gyara. Duk ranar da ya lalace."

Sai a lokacin ya dube ni. "Duk ranar?"

"Duk ranar."

"Kai ka faɗa."

Na raka shi ƙofa. Ya zura takalmansa. Duka biyun na ƙafar hagu ne, kuma suka zauna masa daidai.

Yi dariyarki, Lantana. E, na nemi garanti a wurin aljani. Ke da ko kuɗin tumatir ba kya iya tayawa. Bari ki ji sauran.

Na koma na duba allo. Layi biyu kwamfutar ta kamo. Na ƙasa akwatin Saratu ne, sanda biyu. Na sama ba shi da suna, sandunansa a cike, bai nemi lambar sirri ba. Kafin in taɓa komai ya haɗa kansa.

Tsakar gidan nan ce ta fito a allo. Bishiyar lemon da ta bushe bara tana nan kore shar. A ƙarƙashinta Delu, da shuɗin zanenta, faranti a cinya, tana tsince wake.

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ka ci abinci?"

Shekara uku babu wanda ya yi mini wannan tambaya a gidan nan.

Na zauna. Ta yi zancen tsadar manja. Ta ce hular da ke kaina ta yi dauɗa. Ni ma na faɗa mata abubuwa, ba na ku ba ne. Da yamma hankalina ya ɗan dawo, na tuna jaririya. Katin layi ɗaya yake riƙewa a lokaci guda, takardar ma ta faɗa: in ka kama wannan, ka saki wancan. Na danna akwatin Saratu, na sa lambar sirri. Allon ya mutu.

Washegari, rana tsaka, aka tsaya a ƙofa.

"Ya lalace," in ji shi.

Ya taɓa eriya ɗaya da farce. Delu ta dawo da wakenta. Ya fita. Ban ce masa layin Saratu nake nufi ba. Zan faɗi gaskiya ko a kaina ne: ban ce ba. Sau biyu na sake gwada na Saratu, sau biyu ya dawo ya mayar da ni, kuma kowane zuwa sai in ji daɗi a raina.

Waken nan bai taɓa raguwa a farantin ba. Na gani, na kau da kai.

Sai ƙaramar wayata ta yi ƙara a aljihu. Saratu ce.

"Baba, ina ka shiga? Kwana biyar ina kira. Gobe ne fa suna. An sa katin?"

Ni a lissafina Lahadi ce, ashe Laraba ce. Na leƙa zaure, kwanukan abincin da maƙwabta ke aiko mini guda biyar a jere, ba a buɗe ba, ƙuda na bi.

A allo, Delu ta ɗago kai karo na farko.

"Ilu," ta ce. "Kashe wayar nan ka zauna."

Ku da kuka san ta, ku faɗa mini. Shekara arba'in da ɗaya muna tare, Delu ba ta taɓa kama sunana ba. Ko Iliya tela na bayan gida, sai dai ta ce mai sunan Malam. Da ciwo ya kwantar da ita, likita ya tambaye ta sunan mijinta, ni ta kalla in amsa.

Na tashi na zare wayar kwamfutar daga bango. Allon bai mutu ba. Na yi bisimilla, na ɗauko takardar, na bi ta daga ƙasa zuwa sama. Na kwance eriya. Na kwance notoci da bakin wuƙa.

"Ilu. Tuwo ya kusa."

Na taɓa ƙarfe, yadda aka rubuta.

"Ilu. Wa zai zauna da kai?"

Na ja katin. Ɗaki ya yi shiru. Katin yana da ɗumi a tafina, irin ɗumin hannun mutum.

Ban gama mayar da murfi ba aka tsaya a ƙofa.

"Ya lalace."

"Bai lalace ba. Ni na cire."

"Ka ce duk ranar."

"Na janye. Na sallame ka." Sau uku na faɗa, da muryar da nake tashin aji. Ban ba shi a hannu ba, a ƙasa na ajiye masa katin.

Ya sunkuya ya ɗauka. "Za ta tambaya."

"Ba ita ba ce."

"To wa zai tambaye ka ko ka ci?"

 Ya juya. Na saurara in ji takunsa a layi, ban ji ba.

Ranar suna da ƙaramar waya a kunne na yi addu'a. Na ji kukan Delu ƙarama, mai ƙarfi, mai lafiya. Ban ga fuskarta ba. Wata huɗu ke nan, har yau ban gani ba.

Sagiru sai Asabar ya zo, kwana takwas bayan ƙarfe goma, yana sosa ƙeya, wai biki ya je Haɗeja. Ya rantse bai aiko kowa ba. Na yarda. Amma da ya zo a lokacin da ya faɗa, da babu gurbin da wani zai shigo. Ba na neman komai nasa. Ina so ya tsaya a ɗakin nan, a gabanku, ya ce ya yi alkawari ya saɓa. Sannan ya sa wani katin ina tsaye a kansa da takarda, ɗaya zuwa takwas. Gobe da hantsi ku biyu za ku raka ni tasha, ku ne shaidu.

Ku kuma ku ji. Kada ku buɗe wa mai aiki ƙofa da tsakar rana kuna ku kaɗai. Wanda bai yi sallama ba, ku dubi ƙafarsa. Kuma kada ku ce wa wanda ba ku san sunansa ba ya dawo.

Me kika ce, Lantana? Ɗaga murya, ba na jin raɗa.

Ko na ci abinci?

A'a. Ban ci ba. Zubo.