Uku Cikin Biyar

A bakin injin casar shinkafa na Zabarmari Hanifa ta fara ganinsa, buhu a kafaɗa, girarsa ta yi fari fat da ƙaiƙayi. Ita ɗalibar jami'a ce a shekarar ƙarshe, tana karantar halayyar ɗan'adam, an turo ta da takardun tambayoyi ɗari biyu ta raba wa manoma. Irin takardun nan ne da ake auna imanin mutum da halinsa, da ko yana ganin rayuwarsa na da ma'ana. A rubuta magana, kai kuma ka zagaye lamba: ɗaya, sam ba haka ba ne, biyar, haka ne ƙwarai.

"Wushe, Malama," ya gaishe ta da gaisuwar Barebari, ya dire buhun. "An ce imani kike aunawa. Da mudu ko da sikeli?"

"Da biro," ta ce tana danne dariya. "Ba suna, ba lambar waya. Daga ni sai malamata, ita ma ba za ta san ko kai wane ne ba."

"Kin yi alkawari?"

"Na yi."

Sauran samari minti biyar suka gama, kowa biyar-biyar har ƙasa, suna ta shewa. Shi kuwa mai buhun nan, Tahir, ya kusa awa guda a kan benci. Da ya miƙo, idonta ya faɗa kan tambaya ta sha huɗu: "Ina jin Allah yana kusa da ni." Ɗaya ya zagaye. A ƙasa ya ƙara da ƙaramin rubutu: "Tun da aka kashe babana da wana a gona ban bar salla ba, amma ji nake kamar ina magana a ɗakin da ba kowa."

To, kun ji inda yarinyar nan ta yi kuskure. Ba ta kai takardar makaranta ba. Ta rubuta sunansa a bayanta, ta ninke, ta sa a ƙasan akwatin kayanta. Wai ba ta so a mai da shi lamba a kwamfuta.

Kafin damina ta sake zagayowa, Tahir ya san hanyar gidan su Hanifa a unguwar Wulari kamar hanyar gonarsu. Saƙo kuwa ba ya yankewa.

"Malamar biro, yau na ci abinci sau biyu, na yi dariya sau ɗaya. Maki nawa?"

"Huɗu, Ɗan Shinkafa. Ka zo Juma'a ka karɓi cikon."

Mahaifinta Malam Garzali, Bakano mai sayar da yadi, ya tura a yi bincike yadda aka saba. Aka dawo da labari mai daɗi: yaron ba ya rasa sahu, shi ke riƙe da uwarsa, ba a taɓa jin kansa da kowa ba. Har an fara maganar sa rana, sai mahaifiyarta ta zazzage akwatin nan don ta ga abin da za a ƙaro na kayan aure.

Takardar ta je hannun Malam Garzali. Shi kuma ya nuna wa Abdulmutallib, ɗan amininsa, wanda shekara biyu yana neman Hanifa tana kaucewa. Abdulmutallib ya ce bari ya ɗauki hoto ya tambayi malamai hukunci. Malaman nasa ashe wayoyin unguwa ne.

"'Yata ba za ta auri wanda ya rubuta da hannunsa cewa Allah ya yi masa nisa ba," in ji Malam Garzali.

"Baba, ba haka ake karanta ta ba. Ciwo ne yake faɗa, ba..."

"Ɗaya na gani. Ko ni da ban yi jami'a ba na san ɗaya."

Washegari saƙon Tahir ya shigo.

"Yau a masallaci na gefena ya matsa, ya bar gurbi tsakaninmu. Mahaifiyata a bakin famfo ta ji, a bakin mata. Kin ce daga ke sai malamarki."

Ta kira sau goma sha ɗaya, bai ɗaga ba. Ta rubuta: "Na ci amanarka, ba ni da ta cewa. Wallahi so ne ya sa na ɓoye ta."

Sai bayan kwana tara ya amsa: "Son ne ya rubuta sunana a baya?"

Da ƙafarta ta je ta faɗa wa malamarta, Dakta Ladi. Matar ta cire tabarau ta ajiye.

"Mutum ɗari biyu suka yarda da ke, Hanifa. Wa zai ƙara cika mana takarda a Zabarmari?"

Aka soke aikin. Ƙawayenta suka gama, ita aka ƙara mata shekara.

Hanifa ta rame har wuyanta ya fito. Mahaifiyarta, da ta san hannunta ne ya jawo, ta dinga roƙo ba dare ba rana, har Malam Garzali ya gaji ya yanke magana: a kawo sabuwar takarda, yaron ya sake cikawa a gaban shaidu. In ya gyara, shi ke nan.

Da hantsin ranar Hanifa ta tura wa Tahir: "Don Allah ka sa biyar kawai. Biro ne, Tahir. Daga nan an gama."

Ita da ta so shi saboda bai yi abin da sauran samari suka yi ba, ga abin da take roƙonsa. Ta aika, ta kifa kai a gwiwa.

Ya zo. Aka zauna a zaure, Malam Garzali da ƙanensa da tsoho Babakura mai jan sallar layin. Hanifa tana bayan ƙofa, tana jin har motsin takarda.

"Uku?" Muryar mahaifinta ce. "Na ba ka dama ka wanke kanka, ka sa mini uku?"

"Baba, na san in na sa biyar za ka ba ni ita, kuma ina son ta. Amma ƙarya ce. Bara ɗaya ne, yau uku. Sauran biyun su nake nema kullum a kan sallaya."

"Ka ji, Babakura? Ka ji da kunnenka?"

Tsohon ya karɓi takardar, ya kai ta kusa da ido, ya karanta a hankali, ya ajiye.

"Garzali, shekara sittin ina salla. Ka ba ni biron nan, wallahi hannuna ba zai iya zagaye biyar ba. In naka zai iya, ga ta nan."

Ba wanda ya taɓa biron.

Can Malam Garzali ya miƙe yana kakkaɓe riga. "Na ba shi. Amma ƙanena zai yi walicci. Ni ba zan zauna a wurin ba."

Bai zauna ɗin ba kuwa. Aka ɗaura aure ran Asabar, mutane ba su cika tabarma uku ba. Wasu dangin sun ce suna da uzuri, wasu ko uzurin ba su kawo ba. Mahaifiyar ango ta karɓi amarya hannu biyu, amma ba ta ɗago ido ta dube ta ba.

Da la'asar, a ɗakin da ya kama musu a Dusuman, bayan 'yan rakiya sun watse, Hanifa ta yaye mayafi.

"Ɗan Shinkafa, ka yafe mini?"

Da ya ce e, da ta ji daɗi, kuma ta san ba zai faɗa ba sai in haka ne.

"Ban gama ba, Hanifa," ya ce. Ya kamo hannunta ya riƙe. "Amma ga ni."

Ta yi kukan da ba ta yi ba a gidansu.

Allah ya sa albarka a zamansu, ya sanyaya zuciyar Malam Garzali, ya ba yaron nan abin da yake nema. Mu kuma ya rufa mana asiri, don ba mu san me hannunmu zai zagaye ba.