Ƙwayar Maƙoƙon Lailatu

"Ba ni ƙwayar nan, Lailatu! Ba ni na ce!"

Lailatu ta daskare da kofin ruwa a hannu. Inna Zubaida, uwar mijinta, ta fizge kwalin maganin ta ƙulle a bakin zane.

"Inna, don Allah ki yi haƙuri, maganin maƙoƙona ne. Likita ta ce kada in fasa sha."

"Da ciki a jikinki? Ɗan Mu'minat na Kanya Babba bai ishe ku ishara ba? Uwarsa ta yi ta ɗirkar ƙwayoyi, ga shi nan ko sunansa ba ya iya faɗa. Ba za a lalata wa jikana ƙwaƙwalwa ba! Ko ki bar maganin, ko ki koma gidanku Roni!"

Da mijinta Falalu ya dawo daga gona, ya iske ta tana kuka wiwi. Ya riƙe hannunta.

"Sori, Laila. Uwa ce, ba zan iya ɗaga mata murya ba, amma wallahi ba inda za ki."

Kwanaki suka shuɗe ba magani. Kasala da jin sanyi suka dawo mata, ko tsintsiya ba ta iya ɗauka. Ran nan Falalu ya durƙusa gaban mahaifiyarsa.

"Inna, ban taɓa yi miki musu ba. Ki raka mu awo Kazaure. In likita ta ce a bari, da hannuna zan zuba shi a masai."

Suka hau motar haya daga garinsu Gwiwa zuwa asibitin Kazaure. Likitar ta saurari Inna har ta gama, sannan ta ce, "Mama, akwai sinadarin da jikin 'yarki ba ya samarwa isasshe. A farkon ciki kuwa, daga uwa jariri yake samunsa don ƙwaƙwalwarsa ta ginu. Ƙwayar nan giɓin take cikewa. Hana ta sha, shi ne haɗarin."

Inna ta kwance kwalin ta wurgar kan tebur. "Ku je ku sha! In aka haifi dolo, kada a kira sunana."

Aka haifi Musaddiƙ lafiyayye. Sai dai har ya wuce shekara biyu bakinsa bai buɗe ba. Kullum sai Inna ta yi habaici: "Wanda bai ji bari ba, ya ji hoho!" Likita ta gwada yaron ta ce lafiyarsa ƙalau, jinkiri ne kawai. Duk da haka Lailatu kan dube shi gabanta na faɗuwa. Falalu kuwa kullum maganarsa ɗaya ce: "Ko yaya Allah ya yi shi, namu ne."

Wata safiya Inna ta shanya dawa ta shiga ɗaki. Sai aka ji 'yar murya ta tsage tsakar gida:

"Inna! Inna! Akuya tana cin dawa!"

Inna ta fito ba ɗankwali. Ko akuyar ba ta kora ba, ta sunkuci Musaddiƙ hawaye na zuba.

"Lailatu, ki yafe mini. Tsoro ne ya sa na kusa cutar da shi da hannuna."

"Ba komai, Inna. Son sa ne ya sa."

Haka lamarin yake: ƙauna ba ilimi takan yi ɓarna, mai haƙuri kuwa shi ke dafa dutse har ya sha romo.