Lambobi Uku a Kan Disket

Ran Litinin da hantsi Sallau, mataimakin shugaban wata ƙungiyar manoman rani ta Birnin Konni, ya kawo ƙara kumsariya, ofishin polis. An goge sunan wani tsoho, Barmo, daga jerin masu gonakin albasa da ke cikin ordinatar, wato kwamfutar ƙungiyar, an sa na wani. Ya ce aikin sakatariyarsu Tsahara ne.

Sufeto Abarshi mutum ne mai jinkirin yarda, har matarsa na cewa ko gaisuwa sai ya bincika yake amsawa. Ya dubi Tsahara, tausayinta ya kama shi. In laifin ya tabbata, aiki ya tafi, kaso na jiranta.

"Yaushe rabonki da jerin?"

"Sati guda kahin layya, ranka shi daɗe. Illela niy yi salla."

"Kai fa?"

"Dogarawa," in ji Sallau.

Abarshi ya kai disket ɗin da jerin ke ciki wa Malam Rabilu, malamin lissafi. Rabilu bai ko buɗe jerin ba. Ya rubuta ɗan gajeren shiri mai karanta lambobin farkon fayil ɗaya bayan ɗaya.

"Ta hwarko tana hwaɗin irin fayil ɗin," ya ce. "Ukku na bayanta, injin ka rubuta su da kainai duk sadda anka canza wani abu. Shekara, wata, rana."

Allon ya nuna 97, 4, 18. Abarshi ya jima gaban kalanda. Ranar layya ce, buron ƙungiyar a rufe.

Mai gadin buron ya rantse ko ina bai je ba.

"To wa ya ba ka naman salla?" in ji Abarshi.

"Malam Sallau. Ɗanyar cinya guda, tun azahar, ya ce in kai gida."

A Konni rago yini yake a soke gaban wuta, sai washegari ake rabo.

Ya sa aka kira Sallau.

"Daga Dogarawa ka miƙo ɗanyar cinya, kwana guda kafin kowa?"

Sallau ya sunkuyar da kai. "Surukina ya matsa mini kan gonar. Na ɗauka takarda kaɗai ka riƙe rana."

Polis biyu suka fita da shi.

Da la'asar Barmo ya zo, ya tsaya bayan kujerar Tsahara. Bai iya karatu ba, amma bai ɗauke ido ba har ta gama mai da sunansa.