A Rufe a Hankali

Ranar da Juwairiyya ta fara ganin Sharhabil, tsugune yake ya manna kunne a jikin bututu, a gidan ruwan ledan mahaifinta da ke Rigachikun. Ita ke kula da injinan, ita kuma ta sa aka kira mai gyara, don kullum aka rufe bawul sai bututun ya yi ƙara kamar an doke shi da guduma.

"Malam, aljanu ne a ciki?" ta tsokane shi.

Ya yi murmushi. "Hannunki ne, Hajiya. Ruwan da inji ke turowa a guje yake. In kika tare shi farat ɗaya, sai ya doki bututu da duk ƙarfinsa. Ki riƙa rufewa a hankali, kina ƙirga goma."

Ya ba da shawarar a sa ɗan tanki mai iska da zai riƙa shanye bugun. Alhaji Sanda, mahaifinta, ya ce ƙaƙale ne. Shi dai a gidansa doka ɗaya ce tun suna yara: kada ya ga ɗigon ruwa a ƙasa. An daki hannun Juwairiyya a kan famfo ba sau ɗaya ba.

Sharhabil ya canja bututan, ya tafi da lambarta. Kafin wata biyu har manyansa sun zo gaisuwa, an sa ranar aure.

Wata Talata da hantsi saƙonsa ya shigo: "Juwaina, yau ma kin ƙirga goman? Ni kwanakin da suka rage mana nake ƙirgawa."

Tana ta maimaita karanta saƙon tanki ya cika ya fara ambaliya, ga motar Alhaji a bakin ƙofa. Hannunta ya riga tunaninta, ta fizgi bawul ɗin ta rufe lokaci guda. Babban bututu ya tsage, ruwa ya shiga sito, inji ya ƙone.

Aka kira Sharhabil. Idris, ɗan wan Alhaji mai sayar da bututu a Babbar Kasuwa, wanda ya daɗe yana son ta, ya ɗaga ɓallin bututun ya ce, "Baba, jabu ya sa muku."

"Macuci!" Alhaji ya daka tsawa a gaban ma'aikata. "Kai zan ba 'yata?"

Sharhabil ya dubi hannun bawul, ya dube ta. Ta sunkuyar da kai.

"A yi haƙuri, Alhaji," ya ce. "Aikina ne."

Ta yi shiru. Kuma ba shirun yini ɗaya ba, wata uku cur, tana ci tana sha, magana kuwa tana yawo daga Kawo har Katabu cewa yaron nan jabu yake sa wa mutane. Aka daina kiransa. Tsoro ne ya riƙe bakinta, amma tsoron bai sa abin ya zama mai kyau ba.

Ranar da ta hango shi yana tuƙa keke Napep a Kawo, ta rubuta masa: "Me ya sa ba ka tona ni ba?"

"Na zaci ke za ki faɗa," ya amsa.

Da la'asar ta durƙusa gaban mahaifinta. "Abba, ni na fasa bututun. Na ji tsoron ka ga ruwa a ƙasa."

"Ki ce ya sake turo manyansa," in ji Alhaji. "Amma maganar nan ta tsaya a ɗakin nan."

A ɗakin ta tsaya. An sa tankin iskar a ɓoye, wani aka kira ya sa. An ɗaura aure bayan Juma'a, ma'aikatan da suka ji an kira ango macuci suka ci shinkafa suka yi addu'ar zaman lafiya, ba wanda ya gaya musu komai.

Washegari a gidansu na Katabu, tana wanke kofuna ya tsaya a bayanta da makullin keke a hannu.

"Ka yafe mini, Sharhabil?"

"Tun ranar, Juwaina. Allah ya yi mana albarka."

"Amin. Kayan aikinka fa?"

"Na sayar."

Ya fita neman fasinja. Ta kama kan famfon tana juyawa a hankali, tana ƙirgawa, har goma.